Kurakuran da Sabon Direba Ya Kamata Ya Kauce Musu

Lasisin tuƙi shaida ce cewa mutum ya san dokokin hanya kuma ya iya sarrafa mota, amma ba ya nuna cewa idonsa ya ƙware wajen auna tazara da lokaci, kuma a nan ne sababbin direbobi suka fi faɗawa cikin haɗari. A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kimanin miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan tituna duk shekara, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne manne wa motar gaba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan. Kafin idonka ya ga jar fitilar motar gaba ta kama, hankalinka ya fahimci abin da ke faruwa, ƙafarka ta bar totur ta koma kan birki, sakan ɗaya ko fiye ya riga ya wuce, motar kuwa ba ta rage komai ba. Sai bayan nan birki yake fara aikinsa, kuma idan ka ninka gudunka, nisan da birki yake buƙata kafin mota ta tsaya cak yakan ninka har sau huɗu. Saboda haka ka zaɓi wata alama a bakin titi, kamar turken lantarki ko allo, idan motar gaba ta gifta ta, ka fara ƙirga sakan uku a hankali. In ka iso alamar kafin ka gama ƙirgen, ka matso da yawa, sai ka ɗaga ƙafa. Idan ana ruwa titi ya yi santsi, ka ninka wannan tazarar. Wani zai iya kutsowa cikin gurbin da ka bari, kada hakan ya harzuƙa ka, ka sake ja baya kawai.

Wannan lissafin ne kuma yake nuna munin taɓa waya. Wanda ya sunkuyar da kai na sakan biyu don duba saƙo a wancan gudun ya yi tafiyar fiye da mita 50 ba tare da ya kalli hanya ba. Ka ajiye wayar inda hannunka ba zai kai ba tun kafin ka tayar da mota.

Sabon direba yakan kafe idonsa a kan hancin motarsa, alhali kamata ya yi ya riƙa hangen nesa yana kuma leƙa madubi lokaci zuwa lokaci. Madubin ma ba ya nuna komai, domin akwai wani lungu a gefen mota, daidai bayan kafaɗar direba, inda babur ko ƙaramar mota kan ɓuya gaba ɗaya. Kafin ka sauya layi, ka duba madubi, ka ba da sigina, sannan ka ɗan waiga. Kada ka yi yunƙurin wuce mota a kan kwana ko a gangaren da ba ka ganin abin da ke bayansa, musamman in tirela ce, domin tsawonta zai daɗe da kai a hannun masu tahowa fiye da yadda kake zato.

Bel kuwa ba abin jayayya ba ne, yana rage haɗarin mutuwa ga na kujerun gaba da kusan rabi, kuma na baya ma su ɗaura. Haka nan idan abokai suka cika mota suna zuga ka ka taka, ka tuna sitiyari a hannunka yake, kuma kai za a tambaya. Da zarar ka fara hamma ko gyangyaɗi, ka nemi wuri mai aminci ka tsaya ka runtsa, domin sauke gilashi ko ƙure rediyo ba ya korar barci.

Akwai wani abu da ba kasafai ake nuna wa ɗan koyo ba. Idan motarka tana da birkin ABS, wato birki mai na'urar hana tayoyi kullewa, ranar da ka taka shi da ƙarfi za ka ji yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarka har da ƙara, kuma da yawa sukan tsorata su saki. Wannan karkarwar alama ce cewa na'urar tana hana tayoyi kullewa, don haka ka ci gaba da dannawa kana juya sitiyari zuwa inda kake so. Yana da kyau ka gwada hakan a fili marar mutane, da ƙaramin gudu, tare da gogaggen direba a gefenka, domin ƙafarka ta saba da shi tun kafin ranar buƙata.