Yadda za ku haɗa shafin X ko Mastodon da manhajar lissafin kamfani ba tare da an yi faɗa da mai sito ba

Wani dillalin taki da irin shuka na yi wa wannan aikin a Sabon Gari, daga nan mutum uku suka tambaye ni yadda ake yi, to bari in rubuta kowa ya huta. Matsalar dai sananniya ce, kaya sun sauka an shigar da su a kwamfuta amma yaron da ke riƙe da shafin kamfanin bai da labari sai bayan kwana biyu, ko ya wallafa cewa akwai yuriya alhali tun jiya da la'asar buhun ƙarshe ya fita, bawan Allah ya taso tun daga Giwa ko Soba ya ƙona mai a banza. Abin da ake so shi ne manhajar lissafin ta riƙa sanar da shafin da kanta.

Kada ka fara da kwamfuta. Fara da tara mutum huɗu a ɗaki ɗaya: mai sito, akanta, mai riƙe da shafi, da shi mai dukiyar. Ɗauko takarda ka ja layi a tsakiya, gefe ɗaya abin da zai fita waje, gefe ɗaya abin da ba zai taɓa fita ba. Mu wannan zaman ya ci mana fiye da awa biyu, ya ma fi rubuta haɗin wahala wallahi. Na ce ranka ya daɗe a sa farashi a sanarwa, Alhaji mai dukiyar ya kalle ni ya ce "Malam, farashin sari ai a kunne ake faɗarsa, so kake maƙwabtana su karya ni?" Mai sito kuma ya ƙi a faɗi adadin buhuna, yana da gaskiya, in aka ji saura kaɗan 'yan kayi-nayi za su kwashe. Muka tsaya a kalma uku kawai, akwai, ya kusa ƙarewa, ya ƙare. Sunan kwastoma da lambar wayarsa da bashin da ake binsa kuwa ko kusa, tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan mutane.

Sai batun manhaja. In ERPNext ko Odoo kuke amfani da shi abin da sauƙi, dukkansu suna da ƙofar API da wata manhaja za ta iya ƙwanƙwasawa. In babban kamfani ne mai SAP ko Salesforce, to kada ka yi gaban kanka, masu kula da kwamfutocinsu ne za su buɗe maka ƙofa. Ni da ERPNext na yi. A ciki ka ƙirƙiri sabon asusun ma'aikaci na musamman don wannan aikin kaɗai, ka ba shi izinin karanta sunan kaya da yawansu, shi ke nan. Kada ka ɗauki makullin admin don sauri, duk wanda ya samu wannan makullin ya ga albashin kowa.

A ɗaya ɓangaren, X (tsohon Twitter) tun 2023 suka rufe ƙofar kyauta da aka saba da ita, kuma tsarin kuɗinsu na yawan canjawa, duba shafinsu ranar da za ka fara. Mastodon, wani dandalin sada zumunta mai kama da X, kyauta ne, ka shiga saiti wajen Development ka ƙirƙiri sabuwar manhaja su ba ka makulli, ka zaɓi izinin wallafawa da na karanta sanarwa kawai. Bluesky, shi ma wani dandalin irinsu, na ba da kalmar sirri ta daban don irin wannan. Na san za ka ce manoman Giwa ba sa Mastodon, haka ne, su Facebook da WhatsApp suka sani. Shi ya sa ba na ɗaure manhajar lissafi kai tsaye da dandali ɗaya, ina sa ɗan aike a tsakiya. Ka tuna daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnati ta rufe Twitter a ƙasar nan, wanda ya dogara da shi kaɗai wata bakwai ya yi yana kallon sama.

Ɗan aiken nawa n8n ne, manhajar da ke kai saƙo tsakanin manhajoji, ana iya girka shi a sabar kai (wato kwamfutar da ke kunne kullum a intanet), Zapier ma na yi amma biya za ka riƙa yi da dala. Kada ka ɗora shi a laftof ɗin shago, ana ɗauke wuta ya mutu. A ERPNext ka nemi Webhook, wato saitin da ke aika saƙo waje da kansa in wani abu ya faru, ka ce duk lokacin da aka tabbatar da takardar karɓar kaya a tura wa n8n sunan kayan kaɗai. Shi n8n ya zuba sunan cikin jimlar da mai shafi ya rubuta da kansa, don shi ya san yadda yake magana da mutanensa. Ku auna jimlar da 280, iyakar haruffan X ga asusun kyauta, tunda Bluesky 300 ne Mastodon 500, in ta shiga ta farko ta shiga ko'ina. Mahaɗin intanet komai tsawonsa 23 ake lissafa shi a X da Mastodon. Ka gwada ƙ da ɗ da ɓ ma, wani lokaci a hanya sukan koma alamar tambaya.

Yanzu wanda ya fi komai. Kada inji ya wallafa da kansa, ya tura daftari zuwa Telegram, mutum ya karanta ya danna na amince. Ni na koyi wannan ne da kunya, ranar gwaji na shigar da wani kaya na ƙarya na sa masa suna "taki kyauta" don in gane shi, na manta haɗin na kunne, kafin in idar da sallar azahar wayar Alhaji ta yi zafi. "Kai yaro, me ka yi min?" Ba ni da ta cewa sai haƙuri. Haka nan in netwok ya yanke n8n na iya sake turawa, saƙo ɗaya ya fito sau uku, a Mastodon akwai Idempotency-Key da ke hana haka, a sauran kuma ka ajiye lambar takardar ka duba ko an riga an tura ta.

Dawowar saƙo ba wuya, in wani ya ambaci kamfanin da tambaya ko ƙorafi n8n ya buɗe masa Issue, wato takardar ƙorafi, a ERPNext, sai dai a ƙara wa asusun nan na musamman izinin yin hakan. Amma ku fara yarda wa zai amsa, in ba haka ba tulawa kawai za su yi.

Asusun GitHub, inda ake ajiye rubutun haɗin, da asusun sabar duk a buɗe su da imel ɗin kamfani, ba naka ba, ba na ɗalibin ABU da ya zo IT zai koma Samaru bayan wata shida ba. Makullai kada a jefa su a gurup ɗin WhatsApp. Ka rubuta shafi ɗaya da Hausa, ina ake kashe haɗin, wa za a kira, a manna shi a bangon ofis kusa da teburin akanta. Duk ranar da wani ya bar aiki a soke makullan a fitar da sababbi kafin a rufe shago.