Yadda za ka zaɓi hedifon na wasan gem a Katsina

Kafin ka biya kuɗi a kasuwa, sa hedifon ɗin a kanka na minti goma. Idan ya matse kunne ko ya danne tsakar ka, ajiye shi. Nauyi kada ya wuce giram 300 sosai. Matashin kunne na ledar roba yana tara gumi a zafin Afrilu, daga baya ya riƙa ɓarewa. Na yadi ya fi dacewa da garinmu.

Lasifikar ciki mai milimita 40 ta wadatar. Guji mai ƙarar bas (wato sauti mai kauri) da yawa, domin tana danne sautin takun abokin gaba a wasan harbi na PUBG.

Bluetooth yana jinkirta sauti, sai ka ji harbi bayan an riga an harbe ka. Ɗauki mai waya, ko mara waya mai ɗan kan USB na 2.4GHz da ake sokawa a jikin na'urar. Duba bakin wayar: mai zobe uku ne ke ɗauke da makirufo. Kwamfuta mai ramuka biyu, ɗaya na sauti ɗaya na makirufo, kuma tana buƙatar 'yar wayar da ke raba su.

Makirufo kuwa, naɗi murya a WhatsApp kusa da janareto ka saurara, ka ji ko ƙarar janareton ta danne muryarka. Ka sa shi gefen baki, tazarar yatsa biyu, don kada numfashi ya shiga.