Yadda za ka kunna wasannin Windows a kan Linux ta Steam

Da farko ka gyara direban katin hoto, wato manhajar da ke sarrafa katin, domin nan ne yawancin matsala take ɓoye. Mai katin AMD ko Intel ya huta, direbansa na zuwa tare da Linux ta cikin Mesa, wani kunshin direbobin hoto. Mai NVIDIA kuwa, a Linux Mint ya buɗe Driver Manager, ya zaɓi wanda aka ba da shawara, ya sake kunna kwamfuta.

Sai ka sauke Steam, manhajar saye da buga wasanni, daga rumbun manhajoji, ka shiga da asusunka.

Na uku shi ne gishirin aikin. Kamfanin Valve ya fito da Proton a 2018, an gina shi kan Wine (manhajar kunna manhajojin Windows a Linux), yana fassara umarnin Windows zuwa abin da Linux ke ganewa. A cikin Steam, ka danna wasan da maɓallin dama, ka shiga Properties, sannan Compatibility, ka zaɓi Proton Experimental. In ya ƙi tashi, gwada tsohuwar siga. Sau da yawa tsohuwar ta fi sabuwar biyayya.

Kafin ka ƙona data wajen sauke wasa mai gigabait 80, leƙa ProtonDB, shafin da ke nuna yadda wasanni ke tashi da Proton, ka ga matsayinsa. Platinum ko Gold, bismillah. Borked, wato ba ya tashi, haƙura.

Valorant da Fortnite ba sa tashi a Linux saboda manhajarsu mai hana maguɗi. Fortnite dai ana buga shi ta Xbox Cloud Gaming, sabis ɗin buga wasa ta intanet ba tare da an sauke shi ba, a burauzar Chrome, a ƙasashen da sabis ɗin ya kai. Ka jona wayar intanet kai tsaye maimakon Wi-Fi, jinkirin zai ragu.