Yadda Ake Farfaɗo da Tsohon Jirgin Ruwa na Katako Irin Grand Banks

Daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa 1973, kamfanin American Marine ya ƙera ɗaruruwan jiragen shaƙatawa na katako masu suna Grand Banks, da farko a gaɓar Junk Bay ta Hong Kong, daga baya kuma a Singafo. Wani Ba'amurke mai suna Robert Newton ne ya kafa kamfanin tare da 'ya'yansa biyu a 1956, kuma sun ɗauko siffar jiragen ne daga jiragen masunta masu jan koma a teku, waɗanda ba su da gudu amma suna da juriya, ga ƙarancin shan mai. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara a cikinsu shi ne mai tsawon ƙafa 36, wato kimanin mita 11. A 1973 kamfanin ya koma ƙira da faiba, wato roba mai tauri da aka ƙarfafa da zaren gilashi, saboda haka duk Grand Banks na katako da ya rage a yau ya haura shekara hamsin. Mai son ya farfaɗo da ɗaya daga cikinsu ya kamata ya fara riƙe magana guda: ruwan sama ne yake kashe waɗannan jirage fiye da ruwan teku. Gishiri yana rage wa funfunar da ke ruɓar da katako ƙarfi, amma ruwan daɗi da ke ɗiga ta taga ko ta daɓen sama ya kwanta a wurin da iska ba ta kaiwa, shi ne yake cinye jirgi ta ciki alhali fentinsa yana sheƙi.

Matakin farko shi ne bincike, kuma a yi shi kafin a biya kuɗin jirgin. A nemi ƙwararre wanda aikinsa duba jiragen katako ne, domin wanda ya saba da na faiba kaɗai abubuwa da yawa za su wuce shi. Za a fitar da jirgin daga ruwa, a bi jikinsa falanki bayan falanki ana ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma. Lafiyayyen katako yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa amonsa a dushe yake. Inda aka yi shakka sai a soka basilla. Idan ta shige ba gardama, an samu ɓarna. Akwai kuma na'urar auna damshi, kuma abin da aka sani shi ne funfuna ba ta samun sakewa a katakon da damshinsa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba. Wuraren da suka fi buƙatar ido su ne ƙarƙashin tagogi, kusurwoyin ɗakin tuƙi, bangon bayan jirgi, da wurin da daɓen sama ya haɗu da jikin jirgi. A ƙasa kuma a duba ko tsutsar teku ta shiga, musamman a ƙashin bayan jirgi, wato dogon katakon da ya ratsa ƙasansa daga gaba zuwa baya, inda fenti ya goge, domin ƙofar raminta ƙarama ce ƙwarai amma ɓarnarta a ciki mai yawa ce.

A wannan mataki ne kuma ake zare wasu daga cikin sukurorin tagulla da suka riƙe falankai a jikin haƙarƙarin jirgi, wato katakon ciki da ke ba shi siffa, daga wurare dabam-dabam, musamman ƙasa da layin ruwa, wato iyakar inda ruwa ke kaiwa a jikinsa. Sukurun da ya sirance a tsakiya, ko zarensa ya cinye, ko ya karye da an murɗa shi, yana nuna cewa sauran 'yan'uwansa ma sun gaji. Sake ɗaure jirgi gaba ɗaya aiki ne na dubban sukurori, kuma gara mutum ya san da haka tun kuɗinsa na aljihunsa.

Bayan an saya, kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya, a ɗauki hoton komai, a rubuta lamba a bayan duk katakon da za a cire, a kuma nemo lambar ƙirar jirgin, domin da ita ake gane shekarar da aka yi shi da kuma wurin. Ina ba wannan mataki muhimmanci ne saboda wuraren da aka ƙera jiragen nan sun shuɗe. An cike wani babban ɓangare na Junk Bay da ƙasa, aka gina sabon garin Tseung Kwan O da dogayen benayensa a kai.  Kamfanin Grand Banks kansa yanzu a Maleshiya yake ƙira. Kafintocin da suka yi wancan aiki da hannu suka fere yawancin katakon, shi ya sa ma'aunin kabad ko ƙofar wani jirgi ba lallai ya zo daidai da na ɗan'uwansa ba. Babu wani sito da za a je a sayo madadin waɗannan sassa. Jirgin shi ne kundin da ya rage na yadda aka yi aikin, kuma duk guntun da aka jefar ba tare da an auna shi ba, an yi asarar ma'auninsa ke nan.

Sai a shirya masa mazauni a tudu. A tallafe ƙashin bayan jirgin a wurare da yawa da manyan gumagumai, a tokare gefensa yadda nauyi ba zai taru wuri ɗaya ba. A yi masa rumfa mai tare rana da ruwan sama, amma a bar iska tana ratsawa, domin nannaɗe jirgi da tamfol ruf yana tara gumi, gumi kuma shi ne abincin funfuna. Ƙasa mai ɗan laima ta fi daɓen siminti mai zafi, saboda jirgin da ya bushe fiye da kima falankansa suna tsukewa, tsagogin da ke tsakaninsu su buɗe, wani lokaci har katakon ya dare.

Daga nan a toshe hanyar ruwan sama, kuma a nan ne mafi yawan wahalar take. Daɓen saman waɗannan jirage na katakon tik ne, wani katako mai jure ruwa, an shimfiɗa shi a kan filawud, wato allon siraran katakai da aka manne da gam, an ɗaure da sukurori, an rufe kan kowane sukuru da ɗan toshi na katako, an cike tsakanin layuka da baƙin danƙo. Shekaru hamsin na wanki da goge-goge suna sirantar da tik ɗin, toshin ya faɗi, danƙon ya saki, ruwa ya bi jikin sukuru ya sauka cikin filawud ɗin. Daga can sai ya ɗiga a kan tankunan mai, waɗanda na baƙin ƙarfe ne, su yi tsatsa ta sama, wurin da ido ba ya gani sai da madubi da tocila. Idan tik ɗin yana da sauran kauri, ana iya zurfafa layukan, a sake danƙo, a sake toshi. Idan ya sirance, ko filawud ɗin ƙasa ya yi laushi, babu makawa sai an yaye shi duka. Wasu suna mayar da sabon tik da gam ba tare da huda ba, wasu kuma suna haƙura da shi saboda tsada, su shimfiɗa sabon filawud su yi masa fenti mai hana santsi. Ban ga aibu a zaɓi na biyu ba, domin daɓen da ba ya yoyo ya fi amfani ga jirgi fiye da kyakkyawan da ke yoyo. Tagogi kuwa a cire su gaba ɗaya, a gyara katakon da ke kewaye da su, a buɗe ƙananan hanyoyin da ruwa ke fita, sannan a mayar da su a kan sabon danƙo. Shafa danƙo ta waje kawai ba ya wuce damina ɗaya ko biyu.

Idan sama ta daina yoyo sai a sauko ga jiki. Haƙarƙarin da ya tsage ana ɗaura masa sabo a gefensa, wanda ya ruɓe kuma a yanke ɓarnar har sai an tarar da lafiyayyen katako, a ƙara gaba kaɗan, domin funfuna tana riga abin da ido ke gani nisa. Falankan asali na katakon ƙasar Filifin ne, kuma samun mai ingancin na da ya yi wuya, shi ya sa masu gyara da yawa suke komawa ga dangin maɗaci na Afirka ta Yamma. A cire falanki ɗaya ko biyu a lokaci guda, a mayar da sababbi kafin a taɓa na gaba, don kada jirgin ya sauya siffa. Falankin da ke buƙatar lanƙwasa mai yawa ana turara shi, kuma ƙa'idar kafintoci ita ce awa ɗaya a cikin tururi ga kowane inci ɗaya na kauri. Sukurori su kasance na tagulla irin na asali, domin cakuɗa ƙarafa iri-iri a cikin ruwan gishiri yana sa ɗaya ya ci ɗaya.

Cike tsagogi aiki ne da ya kamata a koya a hannun wanda ya iya. Ana tura igiyar auduga cikin tsagar da wani faffaɗan ƙarfe da gudumar katako, a shafa mata fenti, sannan a rufe da danƙo mai laushi. Haɗarin yana cikin ƙwazo: jirgin da ya bushe tsagoginsa a buɗe suke, kuma wanda ya cusa auduga da ƙarfi ko ya cike su da gam mai tauri bai bar wa katakon wurin kumbura ba, idan ya sha ruwa sai ya fizge sukurori ko ya karya haƙarƙari. Saboda wannan dalili ne ba na goyon bayan lulluɓe jikin irin wannan jirgi da faiba. Katakon yana motsi, faiba ba ta bin sa, ruwa ya shiga tsakani ya rasa hanyar fita.

Yawancin jiragen nan da injin dizal na Ford Lehman mai ƙarfin doki 120 suka zo, inji ne mai sauƙin sha'ani da ake samun kayan gyaransa har yanzu. A sake robobin ruwa, a wanke na'urorin sanyaya shi, a duba famfon mai. Tsofaffin wayoyin lantarki kuwa a sauya su duka, haka ma duk wani famfo da ya huda jikin jirgi ƙasa da layin ruwa idan ya ƙi juyawa. A kula da dunƙulen tutiya da ake maƙalawa don kare ƙarafa: idan suka yi yawa a jirgin katako, sai a ga wani farin gari ya taru kewaye da ƙarfen, katakon wurin ya yi laushi kamar auduga.

Wajen kankare tsohon fenti a rufe hanci da baki, domin na wancan zamani yana iya ƙunsar dalma. Ƙasan jirgi ana shafa masa fenti mai jan ƙarfe da ke hana tsutsa da ciyawar teku kamawa, katakon ado kuma yana buƙatar shafin banish takwas zuwa goma, ana bi da samfefa mai laushi tsakanin kowane biyu.

Ranar mayar da shi ruwa a shirya famfunan kwashe ruwa fiye da ɗaya, da batir cikakke. Jirgin katako da ya daɗe a tudu dole ya yi yoyo da farko, don haka ake barin sa rataye a majanyun injin ɗagawa na wasu awoyi, ko ya kwana a haka, ana lura da yawan ruwan da ke shiga. Kwana biyu kafin ranar, wasu suna jiƙa jikinsa ta waje don ya fara kumbura. Cikin 'yan kwanaki katakon zai sha ruwa, tsagogin su rufe, yoyon ya ragu sosai. Kada a tayar da inji a yi doguwar tafiya kafin lokacin, kuma a sake daidaita injin da sandar farfela bayan jirgin ya zauna a ruwa kamar mako ɗaya ko biyu, domin siffarsa a ruwa ta ɗan bambanta da siffarsa a kan gumagumai. Idan bayan mako biyu famfo yana ci gaba da tashi akai-akai, a bi ruwan da tocila har inda yake fitowa, a ɗanɗana shi a ji ko na gishiri ne ko na daɗi, domin hakan ne zai nuna ko ta ƙasa yake shigowa ko kuwa har yanzu akwai sauran aiki a sama.