Yadda ake auna kufan duwatsu a tsaunukan Dartmoor

Dartmoor tudu ne mai sanyi da taɓo a kudu maso yammacin Ingila, cike da kufan mutanen zamanin tagulla. A Grimspound, wani kufai da ke can, kaɗai akwai harsashin zagayayyun ɗakuna 24 cikin katangar dutse guda, sun kai kimanin shekara 3,000.

Fara da zaɓen lokaci. Watan Fabrairu zuwa Afrilu ya fi, kafin doguwar ciyawa ta tashi ta binne komai. Ka fita da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da inuwa ke tona ƙaramin tudun da rana tsaka ke ɓoyewa. A arewacin yankin sojoji na atisayen harbi. In ka hango jar tuta, koma.

Kayan aiki: tef ɗin awo biyu na mita 30, turaku, kamfas, takarda mai gidajen dara, da fensir, don biro ba ya jure ruwa.

Kafa turaku biyu, ka ja tef ɗaya tsakaninsu ya ratsa kufan, ka rubuta inda ya fuskanta da kamfas. Daga wannan layin za ka riƙa auna kowane dutse da ɗaya tef ɗin, a kusurwar digiri 90. Gwada ta haka: mita 3 a kan layi, 4 a gefe, tsakaninsu ya zama 5 cif. A gangare ka ɗaga tef ya miƙe sambal a kwance, ba karkata, in ya bi ƙasa awon zai yi yawa. Ɗaki guda a zana shi santimita 1 a takarda a madadin santimita 50 a ƙasa. GPS na hannu kan kauce da mita 3 zuwa 5, kusan faɗin ɗakin kenan, amfaninsa nuna wurin a taswira kawai.

Inda aikin yake shi ne rarrabe dutsen da hannu ya ajiye da wanda ya gangaro da kansa. Nemi duwatsun da aka kafa a tsaye suna bin juna, fuskar bango ta ciki da ta waje, da manya biyu na bakin ƙofa. Waɗannan ka zana su da cikakken layi, zubabbun kuma da ɗigo-ɗigo. Ido na son cike giɓin da'ira, kada ka biye masa. Grimspound ma da tarkonsa: masu tonon 1894 sun sake ɗora wasu duwatsun.

Kada ka ɗaga dutse, kada ka tona. Dokar kare wuraren tarihi ta Birtaniya ta 1979 ta hana taɓa irin waɗannan wurare ba da izini ba, har da na'urar neman ƙarfe.