Yadda Ake Ja wa Amfilifayar Mota Wuta Daga Batir

Rediyon da ke zuwa da mota wuta kaɗan yake sha, shi ya sa siraran wayoyin da ke bayan dashbod suke wadatar da shi. Amfilifaya kuwa, musamman wadda za ta ɗauki babbar lasifikar bas, tana iya jan amf 40 ko 60 ko fiye da haka idan kiɗa ya yi nauyi, kuma babu wayar da aka tanada a dashbod domin irin wannan lodi. Saboda haka dole ne a ja mata tata wayar tun daga batir, a sa mata fiyus, sannan a ɗaura mata wayar negetif a jikin ƙarfen motar. Aikin bai fi ƙarfin mai mota ba, muddin yana da sifana da filaya da mitar auna wuta, kuma ba ya cikin gaggawa.

Kafin a sayi waya, sai a san yawan wutar da za ta bi ta cikinta. A duba wat ɗin amfilifayar da aka rubuta da alamar RMS, wato ƙarfin da take iya bayarwa a ɗore, a manta da babban adadin da ake bugawa a jikin kwali domin jan hankalin mai saye. Idan inji yana aiki, wutar mota tana tsayawa tsakanin volt 13.8 da 14.4, kuma amfilifaya ba ta mayar da duk abin da ta sha ya zama sauti, domin wani kaso yana tafiya a zafi. Amfilifaya aji-aji ce: ajin D takan yi amfani da kusan kashi 80 cikin ɗari, ajin AB kuwa ba ta cika wuce kashi 50 zuwa 60 ba. Idan aka ɗauki amfilifaya ajin D mai wat 500, sai a raba 500 da 0.8, a samu 625, a sake raba wannan da 13.8, a samu amf 45 ko kusa da haka. Da ajin AB ce mai wannan ƙarfi, da sai ta haura amf 60.

Ana auna kaurin waya da lambar AWG, kuma a wannan ma'auni ƙaramar lamba ita ce mai kauri: lamba 8 kusan milimita murabba'i 8 ce, lamba 4 kusan 21, lamba 1/0 kuma ta wuce 50. Tsawo ma yana da tasiri, domin daga batir a gaba zuwa but a baya tafiyar mita 4 zuwa 5 ce, kuma duk mita guda tana rage wani abu daga ƙarfin wutar. Ga amfilifayar misalinmu, lamba 4 ce ta dace. Sannan a lura da abin da aka yi wayar da shi. Akwai ta jan ƙarfe zalla, wadda ake rubuta wa OFC, akwai kuma CCA, wato alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe. Alminiyam kusan kashi 61 cikin ɗari na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka, kuma yana saurin lalacewa a wurin da laima ke shiga. Ana gane CCA idan aka yanke bakinta, sai a ga cikin zaren fari ne, ga ta kuma ba nauyi a hannu. A ganina arahar da ke cikinta ba ta kai wahalarta ba, amma wanda ya riga ya saya, to ya ƙara kauri da mataki guda.

Ranar aiki, a kashe mota, a cire makulli, a fara kwance kan batir na negetif, a kawar da shi gefe yadda ba zai dawo ya taɓa ba. Dalili shi ne, jikin motar gaba ɗaya negetif ne, don haka idan sifana tana kan fozitif ta goga ƙarfe alhali negetif na ɗaure, tartsatsi zai tashi nan take. Wasu rediyoyin na asali sukan nemi lambar sirri bayan an cire batir, sai a tanade ta tukuna.

Fiyus shi ne wurin da bai kamata a yi sakaci ba. Mutane da yawa suna zaton amfilifaya yake karewa, alhali wayar yake karewa, da motar kanta. Batir yana iya sakin ɗaruruwan amf cikin ƙiftawar ido, kuma idan robar waya ta tsage ta taɓa bodi, duk tsawon da ke tsakanin batir da wurin tsagar zai yi jawur ya kama kafet. Shi ya sa ake sa mariƙin fiyus kusa da batir gwargwadon iko, kada ya wuce santimita 45, a kuma ɗaure shi da kyau kada ya riƙa lilo. Girman fiyus kada ya zarce abin da wayar za ta jure: ga jan ƙarfe zalla, wajen amf 50 ga lamba 8, wajen 125 ga lamba 4. Ƙasa da haka ba laifi idan ya ishi amfilifayar. Kada a sa fiyus ɗin a mazauninsa sai an gama komai.

Wayar za ta ratsa bangon ƙarfen da ya raba ɗakin inji da cikin mota. A nemi ramin da masu ƙera motar suka riga suka yi, mai zoben roba, a bi ta nan. Idan ya zama dole a huda sabo, a leƙa ɓangarorin biyu a tabbatar babu bututun birki ko na mai ko damin wayoyi, kuma a sa zoben roba a ramin, domin bakin ƙarfe yana cin roba sannu a hankali da girgizar tafiya. A nisanta wayar daga salansa da bel da fedar birki, a bi da ita ƙarƙashin robar bakin ƙofa, a ɗaure ta a kai a kai. Wayoyin RCA masu kawo sauti su bi ta ɗaya gefen motar. Wayoyi masu launin rawaya galibi na jakar iska ne, masu ruwan lemo a motoci masu lantarki kuwa na wuta mai kisa ne. Duka ba a taɓa su.

Wayar negetif ta zama kaurinta ɗaya da na fozitif, kuma gajera, ƙasa da santimita 45 idan da hali. A zaɓi ƙarfe mai kauri a jikin bodi, a goge fentin da sanfefa har sai ya yi ƙyalli, a matse kan wayar a zobensa na ƙarfe, a ɗaure da noti tamau, sannan a shafa ɗan giris ko fenti a kai saboda tsatsa. Kada a yi amfani da notin bel ɗin kujera, kuma kafin huda ƙasan but a tuna tankin mai yana nan ƙasa. Mafi yawan kukan nan mai kama da fito, wanda ke ƙaruwa idan an taka totur, daga raunin wannan ɗauri yake fitowa.

Saura siririyar wayar da ke kunna amfilifaya, wadda a yawancin rediyoyin kasuwa shuɗiya ce mai farin layi. A kai ta wurin da aka rubuta REM a jikin amfilifayar. Daga nan a sake duba kowane ɗauri, a tabbatar babu zaren waya ko ɗaya da ya fito ya taɓa maƙwabcinsa, a sa fiyus, a mayar da kan negetif a ƙarshe. A tayar da inji, a auna wuta a kan batir, a sake aunawa a bakin amfilifaya yayin da kiɗa ke bugawa. Idan bambancin ya wuce rabin volt, to ko waya ta yi siriri ko wani ɗauri bai kama ba.

Idan fitilun gaba suna dusashewa duk lokacin da bas ya buga, alama ce altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, tana shan wahala. Kafasita, wadda wasu ke ƙarawa don magance wannan, ba ta samar da wuta, ajiya kawai take yi na ɗan lokaci. Abin da ya fi amfani shi ne a ƙara kaurin wayoyi uku: daga altaneta zuwa fozitif ɗin batir, tare da fiyus ɗinta, daga negetif zuwa bodi, da kuma daga inji zuwa bodi. Idan hakan bai wadatar ba, sai a nemi altaneta mai ƙarfi ko a rage girman amfilifayar.