Yadda zaka yi da sha'awar jiki in kana bin Yesu

Da farko dai ka daina tunanin kai kaɗai ne, Bulus da kansa a Romawa 7 ya ce abin kirkin da yake so ya yi baya yi, mugun abin da baya so shi yake ta yi, toh in manzo ya faɗi haka kai ma ba ƙarshenka ya zo ba. Galatiyawa 5:17 ta nuna jiki da Ruhu gāba suke, kuma wannan faɗa baya ƙarewa ranar baftisma.

Abin da nake so ka fara yi shine ka san lokacinka. Kowa yana da nasa. Wani sai dare ya yi an ɗauke wuta yana kwance da waya da data a hannu, wani ranar da albashi ya shigo sai caca ta waya, wani kuma in ya bi ta gidan burkutu da yamma abokai suka kira sunansa shikenan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, saboda haka toshe tun da rana, kar ka bari sai abin ya taso kace zaka yi ƙarfin hali. Waya ta kwana a falo, hanya a canza, lambar nan da ka sani a goge ta.

In kuma ya taso, ka gudu. Yusufu a Farawa 39 bai tsaya yiwa matar maigidansa Fotifar dogon bayani ba ranar da ta kama shi tana so ya kwana da ita, rigarsa ya bari a hannunta ya fita waje. Dawuda kuwa a 2 Sama'ila 11 lokacin da sarakuna ke fita yaƙi shi yana gida yana yawo a kan soro, ya ga matar sojansa Uriya tana wanka, ya tsaya kallo, ya aika a tambayo, kaga mataki mataki ne har ta kai ga jinin Uriya.

Kuma dan Allah mu daina ɗauka zina da maye ne kaɗai aikin jiki, ka karanta Galatiyawa 5:19-21 zaka ga kishi da fushi da jayayya da tsattsaguwa a jeri ɗaya, wannan gulma da ake yi bayan sujada a bakin coci ma irinsu ce, abin yana damuna sosai.

Gudu kaɗai baya isa in zuciya babu komai. Karanta Littafi Mai Tsarki da safe kafin ka buɗe WhatsApp, ko aya biyar ce, ka yi addu'a ka ambaci abin da sunansa.

Sannan ka nemi mutum ɗaya mai riƙe amana, fasto ko dattijo ko wata uwa a zumuntar mata, ka faɗa masa gaskiya kamar yadda Yakubu 5:16 ta ce, ka bashi izini ya riƙa tambayarka. In ka faɗi cikin zunubi kar kunya ta hanaka zuwa sujada ran Lahadi, ka furta a ranar bisa ga 1 Yohanna 1:9, ka kira mutumin nan kafin ka kwanta.